Garmar da Ta Ƙi Tashi

Ruwan shuka ya sauka a Ganaparu ranar Litinin da yamma, ya jiƙa ƙasa har zurfin kamu guda. Ranar Talata da sassafe Sabi Toko ya ɗaura wa taraktarsa garma a gindin kaɗanyar da ke bayan gida, ya hau, ya tayar da inji, ya ja libar ɗagawa. Hannuwan ƙarfe biyu da ke bayan taraktar suka yunƙura, garmar ta bar ƙasa da kamar faɗin tafin hannu, ta yi karkarwa, ta tsaya a nan. Ya mayar da liba, ya sake ja. Haka dai.

Matarsa Dado tana ɗakin girki tana tace koko. Ba ta ga abin da ya faru ba, amma ta ji shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan taraktar tana kwana a bayan bangon girkinta, tun da Sabi ya saye ta a hannun ƙungiyar manoman auduga, a lokacin ma ta riga ta tsufa. Dado ba ta taɓa zama a kujerarta ba, ba ta san sunan ko noti ɗaya a jikinta ba, amma ta san muryarta yadda ake sanin tarin maƙwabci. A safiyar nan akwai wani sabon kuka a ƙarƙashin rurin injin. Ta dakata da matsar tsumman tatar kokon, ta saurara, sannan ta ci gaba. Ta zuba man gyaɗa a kasko, ta mayar wa kwalbar toshiyarta ta auduga. Duk abin da ya shafi ji, magana ce da ba a yi a gidan.

Kunnuwan Sabi sun fara tafiya shekara biyu da suka wuce, na dama da farko. A da, in tarakta ta wuce a hanyar Kandi, daga zaune yake faɗin abin da ke damunta, har mutanen ƙauyuka uku suna kawo masa injinsu don ya saurara kawai. Yanzu ana jin rediyonsa daga bakin rijiya, kuma duk abin da baƙo ya faɗa amsarsa ɗaya ce: to, to. Bai taɓa furta cewa ba ya ji ba, ita ma ba ta taɓa furtawa ba. Wurin tsayuwarta kawai ta sauya. Takan zagayo gabansa kafin ta yi magana, inda zai ga bakinta. In baƙo ya yi tambaya, sai ta maimaita ta kamar mai mamaki, tana kallon mijinta, shi kuma ya amsa kamar tun farko ya ji.

Da hantsi babban ɗansu Woru ya kira daga Paraku, inda yake koyarwa a makarantar sakandare. Waya a hannun Dado take zama, wai don Sabi ba ya son nauyi a aljihu. Woru ya tambayi labarin ruwan sama, ta ce an samu. Ya tambayi huɗa, ta yi jinkirin amsawa, ya gane. Ba yau ya fara maganar ba. Ya ce mahaifinsa ya kai saba'in, taraktar kuma ta girme shi kansa Woru. Ya ce akwai masu sababbin taraktoci a Banikwara da ke yin huɗa a biya su, shi zai ɗauki nauyin wannan. Ya ce ya san wani mai sayen tsofaffin injuna daga Malanbil, kuma motarsa za ta bi ta hanyarsu ranar Juma'a. Bai ɗaga murya ba. Mutum ne mai ladabi, har yanzu sai ya tsuguna ƙasa yake gaida uban, ko da wando mai guga ne a jikinsa. Tsoro yake ji, Dado ta san haka.

Ta zagaya bayan gida ta faɗa wa Sabi, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Ya goge hannunsa a tsumma, ya daɗe yana kallon garmar.

"Gaya masa, in ba ta tashi ba zuwa Juma'a, mutumin ya zo ya ɗauka. In ta tashi, kada in ƙara jin maganar nan bana."

Ta faɗa wa Woru, ya yarda. Da ta koma murhu sai ta tuna da yayanta, wanda 'ya'yansa suka karɓe masa shanun huɗa don ya huta. Sun saya masa kujera mai kyau, suka ajiye a ƙofar gida. Damina biyu ya yi a kanta aka kai shi makwancinsa.

Sabi ya fara daga abu mafi sauƙi, kamar yadda yakan gaya wa masu kawo masa inji. Ya zaro sandar awo ya duba, mai yana kan layinsa. Ya cire toshiyar itacen da ya sassaƙa wa ramin zuba mai, wanda ke kusa da libar giya, tun da murfin asali ya ɓace a lokacin jigilar auduga. Ya tsoma tsinke, ya murza man a yatsu biyu, ya ɗaga wa rana. Da ruwa ya shiga ciki, da man ya yi fari kamar nono. Wannan ya yi duhu, amma mai ne zalla. Ya duba libobin nan biyu da ke gefen kujera, ta tsayi da ta zurfin huɗa, ko wani ya taɓa su. Kowace tana wurinta. Ya kwance garmar, ya gwada hannuwan babu kaya. Suka tashi har sama, amma suna tsayawa suna zabura, kamar mai shaƙuwa.

A haka Gunu ya same shi. Sa'ansa ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara, gonakinsu suna haɗa iyaka, kuma bai taɓa yarda da inji ba. Yana koro shanunsa biyu zuwa gona, ya tsaya ya jingina a sandarsa.

"Tsohuwa ta ƙi tashi ne? Ka ba ta koko mana. Nawa biyun nan dusa kawai na ba su, ga su a tsaye."

"Wai koko za a ba tarakta," in ji Dado daga ƙofar girki, tana kallon mijinta.

"Zo ka yi amfani sau ɗaya a rayuwarka," in ji Sabi. "Hau nan."

Ya gitta katako a kan hannuwan biyu. Gunu, wanda nauyinsa ya kusa buhun masara da rabi, ya hau yana mita, ya riƙe bayan kujera. Hannuwan suka ɗaga shi da ƙyar, suna zabura, shi kuma yana ambaton kakannin taraktar ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai tsayin ƙugu, Sabi ya kashe inji, ya ce masa kada ya motsa, ya yi alama da gawayi a jikin taya daidai da katakon, ya shiga gida ya sha kokonsa a tsanake. Gunu yana can sama yana kiran Dado ta zo ta ga zalunci, shanunsa suna cin ganyen darni. Bayan kwata na awa Sabi ya fito ya duba alamar. Katakon bai sauka ko faɗin yatsa ba.

Ya bayyana wa Gunu, ko da yake bai tambaya ba, cewa da zoben robar da ke riƙe mai a cikin silinda ya cinye, da nauyin nan ya tura man baya, da tuni ƙafafunsa suna ƙasa. Ke nan ciwon ba a can yake ba. Gunu ya ce tunda an mai da shi dutse, ladansa malmalar sakwara biyu da cukun wagasi, kuma in Juma'a ta zo zai ara masa sa ɗaya, mai kasalar. Dado ba ta maimaita wannan ba.

Ranar Laraba Sabi ya hau babur zuwa Banikwara. Ya dawo bayan azahar da 'yan zobban roba a ƙullin leda da kuma hukuncin wani makanike da bai ga taraktar ba: famfon mai ya mutu, sabo kuwa sai an aiko daga Kwatano, mako biyu in an yi sa'a. Sabi bai yarda ba, bai kuma musa ba. Ya rage man a bokiti, ya kwance wani zagayayyen murfi da ke gefen dama, ƙasa da kujera, wanda bai fi faranti girma ba. Ya tayar da inji, ya ja liba, ya leƙa ciki da tocila. Ya ce wa Dado, wadda ta zo kwashe shanya, in da bututu ya fashe ko roba ta tsage a sama, da mai yana zubowa kamar ruwan indararo. Babu abin da ke zubowa. Ya sake leƙawa sau uku.

Da la'asar ya zauna a kan turmin da ta kife, hannuwansa a gwiwa. Ta kawo masa tuwon masara, ya ci rabi. A gonakin da ke gabas da gari ana ta huɗa, ƙasa tana juyawa baƙa. Ta lura cewa duk gwajin da ya yi kwana biyun nan na ido ne da na hannu. Ɗaya ne ya rage, wanda a da da shi yake farawa.

Ranar Alhamis da safe ya yi shi, lokacin da ya zaci tana rijiya. Ta gan shi ta tagar girki. Ya bar inji yana aiki a hankali, ya ɗauko doguwar sukudireba, ya dafa tsininta a jikin taraktar daga ƙasa, inda famfon yake, ya kanga ƙotar a kunnen hagu. Ya daɗe a sunkuye. Ya mayar kunnen dama. Ya matsa da tsinin gaba kaɗan, ya sake. Daga ƙarshe ya sa ƙotar tsakanin haƙoransa ya cije, ya rufe ido. Sannan ya miƙe, ya tsaya yana kallon sukudirebar a hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya.

Dado ta sauke tukunya daga wuta. Ta ɗauki ƙwaryar da ba ta da buƙatarta, don kada ta je hannu wofi, ta zagayo ta gabansa.

"Baban Woru, tun ranar Talata take wani kuka da ban san ta da shi ba."

Ya kalli bakinta. Ta ga ya gane kalmomin, ta kuma ga ya gane abin da ke bayansu. Wata kaza ta wuce ta ƙarƙashin garmar. Ya juya sukudirebar, ya miƙa mata ta wajen ƙota.

Ya nuna mata inda za ta dafa, ya gyara mata riƙon, ya ture mata ɗaurin kallabi daga kan kunne da yatsa ɗaya. Da farko ba ta ji komai ba sai ruri, kamar an sa kanta cikin injin niƙa. Ya ce ta bar wannan ya wuce, ta nemi abin da ke ƙasansa. Ya miƙa hannu ya ja liba. Sai ta ji shi, kukan nan, yanzu a cikin ƙashin kanta.

Ya tambaye ta ko bugu ne, irin na taɓarya a turmin da babu komai. Ta girgiza kai. In haka ne, in ji shi, ba ƙarfe ne ya cinye ba, makaniken Banikwara ya yi kuskure. Ya tambaya ko fito ne, siriri, irin na buta a kan wuta, wanda bawul ke yi in yana sakin mai. Ta sake saurarawa, ta ce a'a. Ta cire ƙotar daga kunne, tana neman abin da za ta kwatanta da shi.

"Ka san famfon burtsatsen da ke bayan makaranta, da bazara, in ruwa ya yi ƙasa? Kana bugawa yana zuƙa, yana shaƙewa, sai ya kawo ɗan ruwa ya sake zuƙar iska. To haka."

"Ƙishirwa," in ji shi.

"Amma ka ce mai a cike yake."

"A cike yake." Ya kashe injin. "Yana kwance a cikin mai yana jin ƙishirwa. Wani abu ya tare masa baki."

A bakin famfon, can ƙasan cikin taraktar, akwai wata 'yar rariyar ƙarfe mai kamar kofi, wadda duk man da famfon zai sha sai ya bi ta cikinta. Sabi ya ce rabonsa da ita shekara shida, kuma a lokacin tsaf take. Ya kwance notin ƙasa, man da ya rage ya tsiyaye a babban daron da Dado ke wanke ƙwaran kaɗanya a ciki. Ta kalli daron, ta kalle shi, ta bar maganar zuwa wata rana. Ya tura hannu ta zagayayyen ramin nan na gefe. Ya shiga har wuyan hannu, ya tsaya. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura a 'yan shekarun nan, ba sa lanƙwasuwa yadda ramin ke so. Ya gwada da hagu, ya fito da ƙujewa a bayan hannu.

Dado ta zare warwaronta guda huɗu, ta sa masa a aljihun riga. Ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta durƙusa a kan buhu.

Ya tsuguna a gefenta yana faɗa mata hanya, idonsa a rufe, kamar mai kwatanta gidan da ya taso a ciki. Ta bi ƙasa, ta wuce wata sanda mai sanyi, kada ta ja ta. Ta karkata hagu. Za ta ji wata 'yar waya da aka murɗe, ta warware ta. A ƙasanta akwai abin da ake juyawa da yatsu. Ƙarfen yana da ɗumi da santsi, kumatunta a manne da jikin taraktar, tana shaƙar warin da shekara talatin take wankewa daga tufafinsa. Wayar ta warware. Ta juya, abin ya saki. Ta kai yatsu ga rariyar.

Ba ƙarfe ta taɓa ba. Wani abu ne mai laushi ya lulluɓe ta, mai kauri, kamar an sa mata hula. Ta matsa shi tsakanin yatsu, ta ja kaɗan, ya biyo a zare-zare. Babu macen Ganaparu da ba za ta gane wannan ba, ko a jiƙe da mai, ko ido rufe.

Ta tuna ranar. Bayan an kai audugar ƙarshe ma'auna ne, zafi ya fara. Ta zo neman inda zabuwa ke ɓoye ƙwai, ta ga ramin da ke kusa da libar giya a buɗe, babu murfi, zanzaro biyu suna shiga suna fita da laka a baki. Sabi yana kasuwa. Ta yi abin da take wa kowace kwalba a gidan, ta kananzir, ta man gyaɗa, da goran zuma: ta ciro dunƙulen auduga daga ragowar buhu, ta murza, ta toshe ramin da kyau. Ta yi niyyar gaya masa, baƙi suka zo, ta manta. Da ta ga toshiyar itace a wurin bayan makonni, ta ɗauka shi ya cire tata ya jefar.

Hannunta yana ciki har yanzu. Daron mai yana dab da gwiwarta, baƙi ƙirin, duk abin da ya faɗa ciki ba za a gan shi ba. Idon Sabi a rufe yake, yana jira.

Ta zaro rariyar gaba ɗaya da abin da ke jikinta, ta kamo tafin hannunsa, ta ɗora masa. Ta jira har ya buɗe ido ya kalli bakinta.

"Ni na sa ta. Ramin na gani a buɗe, zanzaro suna shiga. Na toshe da auduga, ban gaya maka ba."

Ya ɓare dunƙulen daga jikin rariyar, ya fito kusan a haɗe, da siffar kofin. Girgizar tafiya ce ta jawo toshiyar ciki, haƙoran giya suka tsefe ta, famfon ya yi wata uku yana tattara ta a bakinsa. Sabi ya tsinci zare ɗaya, ya ja shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, yadda masu awo ke yi a ma'auna, ya ɗaga wa haske.

"Ta gonar gabas ce. Dubi tsawon zaren. Masu awo suka ce mana wai lamba biyu ce, ba ta ɗaya ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce kwana uku ta ci masa, da tafiyar Banikwara, da bakin Gunu, kuma saura kaɗan ta sa a ɗauke taraktar. Ya ajiye audugar a kan taya. Ya daɗe yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Murfin nan na ƙarfe ne," in ji shi. "Ya kwance, ya yi ta rawa a wurin, wataƙila yini guda, wataƙila mako. Ya faɗi a kan ƙarfe, kusa da ƙafata. Dado, da kunnena na da, tun juyinsa na farko zan tsaya." Ya taɓa kunnen hagu, ya bar masa tabon mai. "Ba na ji. Wannan ma ya kusa tafiya."

"Na sani."

"Na san kin sani. Wa ke maimaita maganar Gunu don daɗinta?"

Ta sa gefen zanenta ta goge masa tabon.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ta wanke rariyar a kananzir, ta bi ramukanta da tsinken tsintsiya har rana ta riƙa ratsa kowanne. Ya ce a tace man kafin a mayar, ta kawo sabon tsumman tatar koko, ya duba shi ya tabbatar ba ya zubar da zare, suka tace sau biyu, tana riƙe da baki huɗu na tsumman yana zubawa. Ta sake tura hannu ta mayar da rariyar, ta murɗe wayar. Ya ɗaure murfin gefe, ya zuba mai, ya buga toshiyar itacen da ƙotar sifana. Rana ta karkata kafin su ɗaura garmar.

Ya hau, ya tayar da inji, ya bar shi ya ɗan yi zafi. Ya ja liba. Garmar ta bar ƙasa a tafiya ɗaya, ba tsayawa, ba zabura, ta hau har ƙarshe, ƙasar Talata da ta bushe a bakinta tana zubowa. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Ba garmar yake kallo ba. Dado tana tsaye a gefe da sukudireba a kunne.

"Me take cewa?"

"Tana sha."

Ya gaya mata cewa ba a gama ba. Akwai sauran zare a lungunan ciki, zai taru a hankali. Sai an sake buɗewa bayan mako, a kuma sake bayan wata. Ta ce hannunta yana nan inda yake. Ta karɓi warwaronta daga aljihunsa, ta sa uku, na huɗun ta ce ya riƙe, don kada ya manta wa ya yi aikin.

Woru ya kira kafin magariba, don ya ji ko mai motar ya biyo gobe. Dado ta buɗe baki za ta amsa, Sabi ya miƙo hannu. Rabonsa da riƙe waya ya fi shekara. Bai kai ta kunne ba, ya riƙe ta a gaban bakinsa.

"Woru, ni ne. Kada ka wahalar da kanka da magana, ba na jin ka. Kunnuwana sun tafi, uwarka za ta faɗa maka tun yaushe. Kai dai kana ji na, to saurara."

Ya taka zuwa gindin kaɗanya, ya tayar da inji, ya riƙe wayar kusa da hannuwan baya, ya ɗaga garmar ya sauke sau uku. Sannan ya kashe, ya mayar wa Dado. Ta kara a kunne. Woru bai ambaci mutumin Malanbil ba. Ya ce akwai likitan kunne a Paraku, ya tambaya ko Baba zai yarda ya zo. Ta zagayo gaban Sabi ta faɗa masa, a fili wannan karon, ba da sigar mamaki ba. Ya ce bayan shuka.

Ranar Juma'a da sassafe ya tayar da inji a gindin kaɗanya, bai sa giya ba. Ya ja liba, garmar ta tashi, ya juya yana kallon ƙofar girki. Dado ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya ta karkata kai. Ta saurara har ta gamsu, sannan ta ɗaga ludayin. Ya sa giya. A bakin hanya ya tarar da Gunu da shanunsa sun tare wuri, ya rage gudu, ya bi bayansu a hankali har mararrabar gonakin gabas.